Ranar da Na Toshe wa Alhaji Bappah Kunne

Ku zo nan, ku masu cewa sayar da iyafis ba sana'a ba ce. Jiya da kunnena na ji ɗayanku yana cewa, "Me ke ciki? Ka rataya a allo, mutum ya nuna da yatsa, ka miƙa masa." To madalla. Wannan abin da kuka raina ya taɓa kusa sa a harbe wani dattijo a kan bencina da rana tsaka, kuma ba don na sa masa jabu ba, sai don na sa masa wanda ya fi kowanne kyau a shagon. Ku jawo kujera. Amma ku fara cire abin da ke kunnenku, ba na son ina magana mutum yana gyaɗa mini kai alhali kiɗa yake bi.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan igiyar iyafis ce da ta tsinke a gindin fulogi. Babana ne ya riƙo hannuna daga Bagadaza ya kawo ni wurin Oga Okey mai gyaran rediyo, ya ce masa, "Ga shi nan, ba ya jin magana, ko zai ji rediyo." Oga Okey Ibo ne, amma a Gombe ya yi wayo, Hausa a bakinsa kamar ta gado, in Bafulatani ya shigo har gaisuwar Fulatanci yake ja da shi. Zamanin kaset ne, samari na yawo da ƙaramin rikoda a ƙugu. Oga ya fere igiyar ya nuna mini cikinta. Silili uku ne, ja da kore da mai ruwan tagulla, kowanne bai kai kaurin gashin kai ba. Na yi ta ɗora dalma tana zamewa, gumi har yana ɗiga a tebur. Sai da ya bari na gaji tukuna ya ƙyasta ashana ya ɗan lasa wa bakin sililin wuta. Ashe fenti ne a jikinsu, in ba a ƙone shi ba dalma ba za ta kama ba ko shekara za ka yi. Ya ce, "Saidu, da ka tambaya da tuni ka ci abinci."

Kayan aikinmu ba su da yawa. Ƙarfen dalma biyu, na lantarki da na gawayi, tunda wuta ba ta da alƙawari. Ga mitar auna wuta, ga gilashi irin na masu gyaran agogo, ga kwalbar sifirit da auduga, sai allura da tsohon burushin haƙori. Kada ku yi dariyar burushin nan. Da yawa daga cikin masu kawo mini iyafis suna kukan ɓangare ɗaya ya mutu, ba mutuwa ya yi ba, dauɗar kunne ce ta toshe raga. Ba na faɗa wa mutum haka a gaban jama'a. Juya baya nake yi in goge, in miƙa masa in ce Allah ya taimake mu ya farfaɗo.

Amma babban kayan aikin shi ne benci. Bencin Oga Okey bango yake kallo. In mutum ya zo sayen rediyo, sai ya zaunar da shi ya ba kayan baya, ya dinga kunna masa ɗaya bayan ɗaya. Yakan ce, "Mutane suna cewa gani ya kori ji, to a shagon nan ji ne ke korar gani." Gaskiyarsa ne, don in mutum ya ga ƙaton abu mai ƙyalli, zai rantse maka shi ya fi daɗin sauti tun kafin a kunna. Da Oga ya yaye ni ya kama mini shago jikin nasa, a layin masu waya da ke bakin titi, abin da na fara sa kafinta ya yi mini ke nan. Na ƙara da tawa ƙa'idar: ka kalli bango, ka rufe ido, ni zan sa maka ni zan cire, kuma ko me ka ji kada ka buɗe ido sai na dafa kafaɗarka.

Wata tela daga Nasarawo, Maman Zainab, ta taɓa kawo mini iyafis mai tsada da ɗanta ya aiko mata daga Legas. Ta ce, "Malam Sa'idu, abin nan daɗi kamar me, amma kafin in gama ɗinkin riga ɗaya kunnena ya ɗau zafi." Na ƙarfe ne, mai nauyi, kansa ya turo waje, ɗankwali da hijabi suna danna shi ciki. Mace ba na taɓa kunnenta, madubi nake miƙa mata in faɗa mata yadda za ta yi. Da ta gwada robobin baki ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi ramin kunnenta na dama ya fi na hagu ƙanƙanta. Ta ce, "Yau na ji ikon Allah, shekara nawa ina yawo da kunnuwa ba iri ɗaya ba?" Na ce Hajiya, kowa haka yake, ba a dai faɗa masa ba ne. Na sa mata ƙaramar roba a dama, matsakaiciya a hagu, na musanya mata da wani mai kwantaccen kai da ke lafewa cikin kunne. Daga ranar duk telar da ke layinsu wurina take zuwa.

Masu tsadar da nake kawowa a lokacin iri uku ne, kuma duk masu igiya ne, ba irin naku na yanzu da ke faɗawa kwata a nemi ɗaya a rasa ba. Akwai na ƙarfen nan, shi gangarsa ce ƙarfinsa. Direbobin keke shi suke so, wai sai sun ji kiɗa yana kaɗa musu haƙori. Amma a wurinsa ganga takan danne murya, ka ji mai waƙa kamar yana cikin randa. Akwai na roba mara nauyi, shi murya tas take fita, sai dai yana da tsini, in mai magana ya zo kan sin ko shin sai ka ji kamar an tsikare ka, kafin azahar kanka ya fara ciwo. Na ukun shi ne sarkinsu, mai bakin soso. Murza sosan kake yi tsakanin yatsu ya ƙanƙance, ka ja kunne sama ka tura, ka riƙe ya kumbura a ciki ya cike ko'ina. Igiyarsa ta bayan kunne take zagayawa. Shi ba ya cika ganga, ba ya cika tsini, komai yana zaune a mazauninsa, har jan numfashin mai karatu kana ji. Kuma in ya zauna, to kai da duniya sai wani jiƙon.

Gwajin ma ba kunna waƙa ba ne kawai. Ina da kiɗan kalangu a memori don ganga, ina da karatun Alƙur'ani don murya. Ina zura igiyar ta wuyan riga zuwa aljihun gaba, yadda mutum zai sa ta a gida, don wata igiyar in ta gogi tufa sai ka ji ƙurur-ƙurur a cikin kai. Ina ba mutum gyaɗa ya tauna, don wani iyafis ɗin da muƙamuƙi ya motsa sai ya sulluɓe. Sannan ina da wani tsohon farantin tasa da nake bugawa a bayan mutum ba zato, in ga ko zai zabura. Wanda bai zabura ba, to abin ya toshe da kyau.

Sai muguwar shekara ta zo, shekarar tashin bama-bamai. Ku kuna ƙanana, ba ku san yadda garin nan ya koma ba. Shingen bincike ko'ina, a ƙofar kasuwa a laluba ka, a ƙofar masallaci da coci a laluba ka. In mutum ya ajiye leda ya matsa, kafin ya waiwayo layi ya watse. To ku ɗauka a irin wannan lokaci ga saurayi tafe da baƙar igiya ta fito daga cikin rigarsa. Wani ɗan makaranta da na sayar wa ya dawo mini da nasa, ya ce an sa shi ya tuɓe riga a bakin tasha yana tsallen kwaɗo. Ban da haka ma, wa zai toshe kunnensa? Kowa so yake ya ji motsin gari, ya ji in an ce tsaya, ya ji in an ce gudu. Abin da nake taƙama da shi, wato toshewa, shi ya zama aibin kayana. Masu sosan nan suka zauna a kwali, ni da su muna kallon juna.

Rediyo ce ta riƙe mu, don kowa labarai yake nema, har wanda ya jefa tasa ƙarƙashin gado ya zaƙulo ta. Na koma gyara tare da Oga kamar zamanin koyo. Shi kuma danginsa kullum suna kira daga can kudu, ya tattara ya dawo gida. Sai in ji yana ce musu, "Haƙorana a Gombe suka fito, a Gombe suke zubewa, ina za ni?" Ya ajiye waya ya ci gaba da hura gawayinsa.

Ana cikin haka wata rana da hantsi keke ya sauke Alhaji Bappah a ƙofar shagona. Dattijo ne ɗan asalin garin nan, gidansa a Dawaki, ya yi ritaya daga ofishin filaye. Farar babbar riga, carbi a hannu, magana a hankali kamar ana auna ta. Muka gaisa, ya zauna, ya ce, "Ɗan nan, an ce kana da abin da ke rufe kunne ruf."

Na ce, "Akwai, ranka ya daɗe. Amma yanzu mutane gudunsa suke yi."

Ya ce, "Ni nemansa nake. Dangin matata da na mahaifiyata duk sun gudo daga garuruwansu, suna gidana. Zaure cike, ɗakin baƙi cike, har garejin mota an shimfiɗa tabarmi. Ba ƙorafi nake ba, wallahi na gode wa Allah da ya sa ina da inda zan sa su. Amma yara ne kamar an buɗe makaranta, ga injin wutar maƙwabci, ga turmi ba ya hutawa. So nake bayan la'asar in ɗan ji karatu, ni da malamin kawai. Ba ni wanda ya fi, kada ka ba ni na yara."

Daɗi ya kama ni, don na daɗe ban samu wanda zan nuna wa gwaninta ba. Na kakkaɓe benci na zaunar da shi yana kallon bango, na karanta masa ƙa'ida, na nuna masa farantin da zan buga a bayansa. Ya yi murmushi ya ce, "Ni tsohon ma'aikacin gwamnati ne, bin doka ba baƙona ba ne." Na sa memorina a wayarsa, na zura igiya ta wuyan babbar riga, wayar ta shiga aljihun ƙirji. Na fara da na ƙarfe. Bai jima ba ya girgiza kai ido a rufe, ya ce, "Malamin nan a rijiya ya faɗa?" Na ce lallai yau na gamu da mai kunne. Ban ma tsaya kan na tsinin ba, na ɗauko sarkin. Na murza soso, na ja kunnensa sama na tura, na yi wa ɗayan haka, na kunna masa doguwar sura. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Leɓunansa suka fara bin karatun, yana ɗan rangaji gaba da baya, hannu ɗaya dafe da aljihun da wayar take.

Gyaɗata ta ƙare a ranar, sai na tsallaka titi in karɓo wurin mai tire don gwajin tauna. Na karɓa ke nan na ji dum, ƙasa ta amsa.

Daga baya aka gane tayar wata babbar mota ce ta fashe a kwanar sama da mu. Amma a shekarar nan wa zai tsaya tambaya? Ƙafa me na ci ban ba ki ba. Mai tire ta watsar da tire, mai shayi ya bar tukunya a wuta, masu keke suka bar keke a kunne. Duk wanda ya ce muku shi da tsayawa zai yi, ƙarya yake. Ban san inda nake ba sai da na gan ni a bayan katangar masu buga bulo, ƙullin gyaɗa a hannuna, takalmi ƙafa ɗaya. Can sai ga Oga Okey ya iso yana haki, tumbi na rawa. Ya dafa katanga ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Saidu, ina Alhajinka?"

Sai a lokacin na tuna na bar shi a benci.

Muka juyo da sauri. Kafin mu iso, jami'an tsaro sun riga sun tare bakin layin da motarsu. Layin nan da ko allura ba ta samun wurin faɗuwa ya zama wayam, sai takalma da mangwaro warwatse a titi. Mutum ɗaya tak ya rage. Yana zaune a bencina ya ba titi baya, fuska a bango, yana rangaji, baki na motsi, hannu a ƙirji, ga baƙar igiya ta sauko ta bayan kunne ta shige cikin babbar riga. Ku faɗa mini, a wancan lokaci, in kai ne mai bindiga me za ka ɗauka? Sun durƙusa a bayan mota sun saita shi, suna ta daka masa tsawa da Hausa da Turanci, ya ɗaga hannu, ya juyo. Alhaji ko gezau.

Na ɗaga hannuwa sama na fito ina cewa, "Yallaɓai, kwastomana ne, ba ya ji."

Bakin bindiga ɗaya ya juyo kaina. Babbansu, wani dogo mai tsage a kumatu, ya ce, "Kurma ne?"

Na ce, "A'a yallaɓai, ni na toshe shi."

Ya dube ni kamar ya ga mahaukaci. Aka sa na ɗage riga na juya, na zubar da gyaɗar a ƙasa. Oga Okey ya matso hannuwa sama yana yi musu bayani da Turancinsu, yana nuna shagonsa da nawa, yana rantsuwa da Allah da duk abin da ya mallaka cewa dattijon nan mutumin kirki ne, iyafis yake gwadawa. Dogon ya ce, "In haka ne me ya sa bai gudu ba? Me ya sa ya juya wa mutane baya?" Oga ya ce, "Haka muke yi, oga. Ni na koya masa." Dogon ya dube ni ya ce, "Je ka a hankali. Amma ka ji da kyau, in hannunsa ya shiga aljihun nan, ba ruwana da kai ko shi."

Ni kuwa na san abin da su ba su sani ba. Karatun nan na sha jin sa har na san tsawonsa a jikina, kuma ya kusa ƙarewa. Da ya ƙare, abin da kowane mutum zai yi shi ne ya sa hannu a aljihu ya duba waya. In kuma na dafa kafaɗarsa kai tsaye, zai iya zabura ya kai hannu can ɗin. Gudu ba dama, jinkiri ba dama. Na dinga ɗaga ƙafa ina saukewa, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta cin abinci. Da na iso na zagaya ta gefensa na durƙusa, na fara cafke wuyan hannun nan na ƙirji na riƙe gam, sannan na dafa kafaɗarsa da ɗaya hannun.

Ya buɗe ido fuska cike da annuri. Kun san mai toshe da kunne ba ya sanin ƙarfin muryarsa. A cikin shirun nan, ya ɗaga murya har ƙarshen layi ana ji, ya ce, "Wannan na biyun shi ne, ɗan nan. Farantin nan naka da ka buga da ƙyar na ji shi. Na ji kana ta ihu a bayana ma, na ce ba za ka ruɗe ni ba, ba zan buɗe ido ba."

Na zare sosan daga kunnuwansa, na jawo igiyar a hankali ta wuyan riga har wayar ta fito tana lilo, na ɗaga ta sama kowa ya gani. Sannan na ce, "Baba, juyo a hankali, hannunka a buɗe."

Ya juyo. Ya ga titi wayam, ya ga mota, ya ga bakunan bindiga suna sauka ɗaya bayan ɗaya. Annurin nan ya ɗauke. Carbinsa ya faɗi ƙasa bai ma sani ba.

Dogon ya tako ya karɓi iyafis ɗin yana jujjuyawa. Wani daga cikin yaransa ya fashe da dariya, sauran suka kama, irin dariyar da mutum ke yi in tsoro ya sake shi. Shi bai yi ba. Ya ce in sa masa ɗaya ya ji. Na goge da sifirit na murza na sa masa. Ya saurara kaɗan, ya toshe ɗaya kunnen da yatsa, ya ce, "Lallai." Ya cire ya miƙo mini, ya nuna benci da baki ya ce, "Daga yau titi zai kalla. In na sake wucewa na ga mutum yana kallon bango a nan, da kai da bencin zan tafi." Ya ba Alhaji haƙuri cikin ladabi, suka shiga mota.

Mutane suka fara dawowa suna tsintar takalma, kowa da irin labarinsa. Oga ya kawo ruwa a kofi. Alhaji ya karɓa ya kurɓa. Sannan ya ce, "Sun daɗe suna kira na?"

Na ce, "Sun ɗan jima, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya dubi allo ya nuna wani mai araha, irin wanda ke zama a bakin kunne kawai, iska na shiga ta ko'ina. Na ce ranka ya daɗe, wannan ai har kukan akuya za ka ji ta cikinsa. Ya ce, "Shi nake so. Gidana cike yake da mutanen da suka tsira don sun ji motsi da wuri. In wani abu ya taso ina ɗaki na rufe kunne, wa zai buɗe musu ƙofa?" Ya ɗauki mai sosan ya shafa shi da yatsa kamar mai sallama da jika, ya mayar mini. Ya ce, "Wannan ka ajiye mini. Ranar da mutum zai iya rufe kunnensa a garin nan, zan zo."

Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Na mayar da shi kwali na ɗora can saman kanta. Muka juya benci ya kalli titi, ni da Oga, kuma haka na ci gaba da gwaji, kunne ɗaya a toshe ɗaya a buɗe, ido biyu. Gwajin bai yi daɗi ba, amma babu wanda aka sake saitawa. Labarin kuwa ya zaga gari, har aka dinga zuwa ganin iyafis ɗin da ya hana Alhaji jin tashin duniya. Wasu suka taya, na ce yana da mai shi.

Abubuwa suka yi ta sauƙi a hankali, ba rana ɗaya ba. Shingen nan ya tashi, na can ya tashi, aka daina ɗage wa mutane riga a ƙofar kasuwa, samari suka dawo da igiyoyinsu a wuya. Ni dai ban yarda ba tukuna, don rediyo ta sha cewa an gama. Sai wata safiya keke ya tsaya a ƙofar shago, aka sauko da sanda tukuna, sannan mai ita, Alhaji Bappah. Ya ƙara tsufa, gemu ya yi fari fat. Muka gaisa, na tambayi mutanen gida. Ya ce yawancinsu sun koma garuruwansu, sun yi shuka har sun aiko masa da wake. Ya ce, "Gidan ya yi shiru har ya fara damuna. Amma alƙawari alƙawari ne. Yana nan?"

Na hau kujera na sauko da kwalin. Sosan ya tsufa a ajiye, ina taɓawa ya marmashe, na canza masa sabo. Alhaji ya tsaya yana kallon bencin da ke fuskantar titi, ya ƙi zama. Ya ce, "Ba haka na san shi ba." Na leƙa na kira Oga, muka kama, shi can ni nan, muka juya shi ya kalli bango. Alhaji ya jingine sanda, ya tattara babbar riga ya zauna, ya ba titi baya da motocinsa da jama'arsa. Na murza soso, na ja kunnen sama. Kafin in tura ya ɗaga yatsa ya ce, "Sa'idu, in an tashi gudu, wannan karon ka tafi da ni."

Na ce, "In sha Allahu ba za a yi ba, Baba."

Ya rufe ido da kansa. Na kunna masa, na tsaya a bayansa har surar ta ƙare.